Sunayen da babu su a bangon Abidos: yadda fir'aunonin Masar suka yi yaƙi a kan tarihi

A garin Abidos da ke kudancin Masar akwai wani haikali da Fir'auna Seti na Ɗaya ya gina sama da shekara 3,200 da suka wuce. Cikinsa akwai wani siririn lungu, kuma a jikin bangon lungun an sassaƙa Seti a tsaye riƙe da kaskon turare. Gabansa wani yaro ne mai tukku a gefen kai, alamar ƙuruciya a wurinsu, yana riƙe da naɗaɗɗiyar takarda yana karantawa. Yaron nan shi ne daga baya duniya ta sani da Ramsis na Biyu. Abin da yake karantawa kuwa ga shi nan a bango layi-layi: sunayen sarakuna 76, kowanne cikin zobensa, tun daga Meni wanda Misirawan wancan zamani suke cewa shi ya fara haɗa ƙasar, har zuwa kan Seti kansa.

Wanda bai sani ba sai ya ce ai tarihin Masar ke nan an kammala masa. Amma in ka bi sunayen da yatsa, za ka tarar daga Tutmos na Biyu an wuce kai tsaye zuwa Tutmos na Uku, babu Hatshefsut a tsakani. Daga Amenhotef na Uku an tsallake zuwa Horemheb, an haɗiye shekara kusan 30 da sarakunan da suka yi mulki a cikinta, har da Akenaten da Tutankamun. Baƙin nan da ake kira Hiksos, waɗanda suka riƙe arewacin ƙasar sama da shekara 100, ko ƙyallinsu babu. Ba mantuwa ba ce. Zaɓe aka yi, kuma duk wanda yake son fahimtar abin da fir'aunoni suka bari, daga waɗannan guraben ya kamata ya fara.

A wurin Bamisiren da, suna ba lakabi ba ne kawai. Wani ɓangare ne na ran mutum. Muddin ana ambaton sunanka, ko yana rubuce a jikin dutse, to kana nan da ranka a lahira irin tasu. Ranar da aka goge shi, an kashe ka karo na biyu, kuma wannan kisan babu tashi. Shi ya sa sarki yake da sunaye har biyar, biyu daga ciki ana kewaye su da zanen igiya mai ƙulli don kariya. Ita kanta kalmar Fir'auna ba sunan mutum ba ce. Asalinta "fer-a'a", wato babban gida, fada. Kamar yadda muke cewa "fada ta ce" alhali sarki muke nufi, haka a hankali kalmar ta koma kan mai gidan, wajen zamanin da masana ke kira Sabuwar Daula. Aikin wannan mai gida, a fahimtarsu, shi ne riƙe abin da suke kira Ma'at: gaskiya, adalci, da daidaituwar duniya, har da cikar Kogin Nilu a kan lokacinsa. Sarkin da aka yanke cewa ya ɓata wannan tsari, cire shi daga jerin magabata gyara ne a ganinsu.

Sarautar nan ta daɗe fiye da yadda hankali ke saurin ɗauka. Ta faro wajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ba ta ƙare ba sai da Kiliyofatra ta mutu a shekara ta 30 kafin miladiyya. Wani limamin gumakansu mai suna Maneto ne ya kasa sarakunan gida 30, kuma har yau da wannan kason ake aiki. Tsakanin Kiliyofatra da mu shekara 2,000 ne da 'yan kai. Tsakaninta da ginin babbar dalar Giza kuwa shekara 2,500 ne. Ta fi kusa da mu a kan Kufu, sarkin da ya gina dalar.

Shi Kufu ya ɗauki hanyar da ta fi kowace tsada wajen tsare suna. Dalarsa ta kai tsayin mita 146 lokacin da aka gama ta, da duwatsu kusan miliyan 2 da dubu 300, kuma ta yi shekara kusan 3,800 babu ginin ɗan Adam da ya fi ta tsawo. Duk da haka, cikakken mutum-mutuminsa guda ɗaya tak aka samu, na hauren giwa, tsayinsa santimita 7 da rabi, bai wuce ɗan yatsa ba. Abin da ya fi burge ni a labarin Kufu ma ba shi ba ne, ma'aikatansa ne. A 2013 aka tono wasu takardun fafirus a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, ciki har da littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer. Kullum yana rubuta inda suka kwana da abin da suka yi: su loda farin dutse a Tura, su bi ruwa da jirgi zuwa Giza, su sauke, su koma. A cikin dalar kuma, can sama inda ido ba ya kaiwa, magina sun bar sunan ƙungiyarsu da jan fenti: Abokan Kufu. Masu cewa aljanu ko wasu halittun sama ne suka yi ginin suna tauye haƙƙin waɗannan mutane ne, waɗanda an samo garinsu da wuraren gasa burodinsu da kaburburansu a gindin dalar.

Sai mu tsallaka shekara 1,000, mu zo kan gurbi na farko a bangon Seti.

Hatshefsut 'yar sarki ce, matar sarki. Mijinta Tutmos na Biyu ya mutu wajen 1479 kafin miladiyya ya bar magaji ƙarami, ɗan wata ƙwarƙwara, sai ta zama mai riƙon ƙwarya. Wannan ba sabon abu ba ne a Masar. Sabon abu shi ne, kafin a cika shekara bakwai ta ɗauki sunayen sarauta biyar ɗin nan, ta sa aka riƙa sassaƙa ta da hular sarauta da gemun aro irin na fir'aunoni maza. Ba ta kashe yaron ba, ba ta kore shi ba. Sunansa na nan kusa da nata a gine-gine, ya girma a ƙarƙashinta har ya zama jarumin da aka sani. Mulkinta na kusan shekara 20 na gini ne da fatauci. A jikin haikalinta da ke Deir al-Bahari, yamma da Luksor, har yau ana ganin ayarin jiragen ruwa biyar da ta aika ƙasar Funt, can wajen ƙahon Afirka: gidajen mutanen a kan dirkoki, sarkinsu da matarsa mai ƙiba, da ma'aikata na ɗauke da itatuwan turare da saiwarsu cikin kwanduna, za a kai Masar a dasa. A haikalin Karnak da ke Luksor ta kafa dogayen ginshiƙan dutse masu tsini, waɗanda ta ce cikin wata bakwai aka sassaƙo su daga Aswan. Ɗaya na nan tsaye, ya kusa mita 30. A gindinsa ta rubuta cewa zuciyarta na kai-kawo tana tunanin abin da mutanen da za su zo nan gaba za su faɗa in sun ga ayyukanta.

Fargabarta ba ta banza ba ce. Bayan mutuwarta an bi hotunanta da kurfi ana ƙwaƙulewa, an farfasa gumakanta an zuba a rami, an gina bango an rufe gindin ginshiƙan nan. An daɗe ana cewa haushin kishiyar uwa ne ya ci Tutmos na Uku. Amma bincike ya nuna sai da aka yi kusan shekara 20 da mutuwarta kafin a fara wannan aiki. Mai fushi ba ya jiran shekara 20. Kuma inda aka nuna ta a matsayin matar sarki galibi an bar shi, inda aka nuna ta a matsayin sarki ne aka kai wa hari. Abin da ya fi kama hankali shi ne, Tutmos ya tsufa yana shirya wa ɗansa Amenhotef na Biyu gado, yana so layin ya tafi sak daga uba zuwa ɗa, ba tare da misalin mace a kan karaga da wani zai kafa hujja da shi ba. Shi Tutmos ɗin ba ƙaramin sarki ba ne: ya ci yaƙin Magiddo, ya fita yaƙi wajen sau 17, ya ƙetare Kogin Furat. Bai buƙaci ɗaukakarta ba. Wurinta a jeri yake so ya toshe.

Gurbi na biyu ya fi zafi. Amenhotef na Huɗu ya gaji ƙasa mai arzikin da sarakunan ƙetare ke rubuto wasiƙa suna cewa zinariya a Masar kamar ƙura take. A shekara ta biyar ta mulkinsa ya sauya suna zuwa Akenaten, ya juya wa Amun baya, gunkin da limamansa suka fi kowa dukiya da gonaki, ya ce faifan rana da suke kira Aten shi kaɗai za a bauta wa. Ya bar Tebes, wato Luksor ta yau, ya je wani fili a tsakiyar ƙasar da ba a taɓa zama ba, ya gina sabon birni mai suna Aketaten, inda ake kira Amarna yau. Ya aika masu kurfi ko'ina suna goge sunan Amun, har a cikin sunan mahaifinsa.

Nakan ji wasu na cewa wannan mutum mai tauhidi ne. Ban yarda ba. Rana ya bauta wa, halitta ce, kuma a tsarinsa shi da matarsa Nefertiti ne ƙofa: a gidajen manyan fadawansa hoton iyalin sarki ake ajiyewa a wurin bauta. Maƙabartun talakawan Amarna da aka tono a 'yan shekarun nan sun nuna wanda ya biya kuɗin wannan sauyi: ƙasusuwan yara da matasa masu alamun yunwa da raunin ɗaukar kaya mai nauyi. Ya yi shekara 17 ya mutu, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. An watse daga birninsa. Janar Horemheb da ya hau daga baya ya rushe haikalansa, ya cusa duwatsun cikin manyan ƙofofin Karnak a matsayin ciko. A wata shari'ar gona da aka rubuta a zamanin Ramsis, da aka zo ambaton lokacinsa ba a kira sunansa ba, sai aka ce "maƙiyin nan na Aketaten". Shekarun mulkinsa ma an tattara an ƙara wa Horemheb.

Yaron da ya gaji wannan rikici, wanda mafi yawan masana ke ganin ɗan Akenaten ne, ya hau yana ɗan shekara takwas ko tara da suna Tutankaten. Manyan da ke kewaye da shi suka maido da bautar Amun, suka mayar da sunansa Tutankamun. Ya mutu bai kai 20 ba. Duk da cewa a hannunsa aka gyara ɓarnar, jininsa ya ja masa. Horemheb ya kankare sunansa daga allon da ke ba da labarin gyaran ya sa nasa. Aka binne shi a ƙaramin kabari, aka manta. Bayan kusan shekara 200, masu haƙa kabarin Ramsis na Shida suka zuba ɓaraguzai a bakin ƙofarsa, har suka yi bukkoki a kai. Ɓarayin da suka wawushe kaburburan manyan sarakuna daga baya ba su san da shi ba. Ranar 4 ga Nuwamba 1922 ma'aikatan Howard Carter, wani Baturen Ingila mai tonon kayan tarihi, suka ci karo da matakalar farko. Kayan da aka fitar sun haura 5,000, ciki har da akwatin gawa na zinariya tsantsa mai nauyin kilo 110. In wannan ne rabon yaron da bai yi wani abin a zo a gani ba, sai mutum ya auna abin da aka binne da Tutmos na Uku ko Seti.

Yaron da ke karatu a bangon Abidos ya koyi darasin sosai. Ramsis na Biyu ya hau a 1279 kafin miladiyya, ya yi shekara 66 a kan karaga, ya haifi 'ya'ya wajen 100, ya binne da yawa daga cikinsu. Ɗansa na 13, Mernefta, shi ya gaje shi, shi ma da furfura. Babu fir'aunan da ya watsa sunansa kamar shi. Ya gina nasa, ya kuma bi gumakan magabata yana sa sunansa a kai. Amma wanzami ba ya son jarfa: nasa rubutun sai ya sa ake sassaƙa shi da zurfi ƙwarai, ta yadda goge shi zai yi wuya.

Yaƙin Kadesh ya nuna halinsa. A shekara ta biyar ta mulkinsa ya nufi Sham da runduna huɗu don karawa da Hittiyawa, masu daula a inda Turkiyya take yau. A hanya aka kawo masa wasu makiyaya biyu suka ce ai Muwatalli, sarkin Hittiyawa, yana can nesa wajen Halab, tsoro ya hana shi matsowa. Ashe 'yan leƙen asiri ne. Ramsis ya yi gaba da runduna ɗaya ya kafa sansani, su kuwa Hittiyawa suna laɓe bayan birnin. Karusansu suka tarwatsa runduna ta biyu tana tafe, suka afka sansanin sarki. Da ƙyar ya sha, da taimakon wasu dakaru da suka iso a kan gaɓa. Ya koma gida, Kadesh na hannun Hittiyawa. Amma a bangon Karnak da Luksor da Abu Simbel da Abidos, labarin da ya sa aka sassaƙa shi ne shi kaɗai ya tsaya tsakiyar karusai 2,500 ya kora su cikin kogi.

A ganina abin da ya fi cancanta a tuna shi da shi ba wannan ba ne. Shekara 16 bayan yaƙin, shi da sarkin Hittiyawa Hattusili na Uku suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya: ba za su ƙara kai wa juna hari ba, za su taimaki juna in wani ya taso, wanda ya gudo daga ɗaya ƙasar za a mayar da shi amma ba za a hukunta shi ba. An samu rubutun a ɓangarorin biyu, na Misirawa a Karnak, na Hittiyawa a allon yumɓu a Turkiyya, kuma kwafinsa na rataye a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York. Sulhun ya riƙe, har Ramsis ya auri 'yar Hattusili. Akwai kuma ɗansa Kaemwaset, wanda ya riƙa zagaya tsofaffin dalolin Saƙƙara yana gyarawa. A jikin dalar Sarki Unas, wanda ya rigaye shi da shekara sama da 1,000, ya rubuta cewa ya maido da sunan mai ita domin ya tarar babu shi a fuskarta.

A nan ne mai karatu Musulmi zai yi tambayar da ke ransa tun farko: to wanne ne Fir'aunan Annabi Musa (AS)? Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba. A Suratu Yusuf mai mulkin Masar "sarki" aka kira shi, a ƙissar Annabi Musa kuma "Fir'auna", sannan aya ta 92 a Suratu Yunus ta yi maganar tsirar da jikinsa don ya zama aya. Masu bincike sun fi karkata ga Ramsis na Biyu ko ɗansa Mernefta, wanda a allonsa na wajen 1208 kafin miladiyya aka fara ganin sunan Isra'ila a rubuce. Rashin labarin nutsewa a bangunan Masar ba hujjar komai ba ne. Mutanen da suka mayar da Kadesh nasara ba za su sassaƙa halakar rundunarsu ba. Amma hotunan da ke yawo a WhatsApp da Facebook ana cewa gishirin da ke jikin gawar Ramsis ya tabbatar da nutsewa, wannan gaggawa ce. Da wani gishiri mai kama da kanwa ake busar da duk gawar manyansu. Gawar Ramsis, wadda aka kai Faris a 1976 don maganin ruɓa, ta tsoho ce mai kimanin shekara 90, mai ciwon gaɓoɓi da ruɓaɓɓun haƙora. Abin da Allah bai ayyana ba, bai kamata mu rantse a kansa saboda hoto ba.

Gogewa ba ta tsaya a zamanin Seti ba, kuma wadda ta fi taɓa ni ita ce ta sarakunan Kush. Wajen 728 kafin miladiyya, Masar ta rarrabu hannun ƙananan sarakuna, sai Fiye ya taso daga Nafata, gindin dutsen Jabal Barkal a arewacin Sudan ta yau, ƙasar da alhazanmu na da suka riƙa ratsawa a ƙafa, wasu ma suka zauna. Ya ci ƙasar har bakin teku. A allon nasararsa akwai wani wuri mai daɗin karantawa: da ya shiga birnin wani sarki da ya miƙa wuya, bai kula da matan fada ba, ya wuce barga, ya tarar an bar dawaki da yunwa lokacin ƙawanya, ya ce wannan ya fi duk laifin mutumin ɓata masa rai. Zuriyarsa, gida na 25, ta riƙe Masar da Sudan tare. Sun farfaɗo da tsofaffin rubuce-rubuce, sun dawo da binne sarki a ƙarƙashin dala bayan Misirawa sun daɗe da bari. Dalolin da ke Sudan yau sun fi na Masar yawa. Taharƙa, mafi shahararsu, ya yi mulki daga 690 zuwa 664, ya yi ta gumurzu da Assuriyawa har suka fi ƙarfinsa. A 593 Fir'auna Samtik na Biyu ya kai yaƙi kudu, aka bi sunayensu a Masar ana kankarewa. A 2003 masu tono suka buɗe wani rami kusa da garin Karma a Sudan suka tarar da gumakan baƙin dutse guda bakwai na waɗannan sarakuna, a farfashe amma an jera gutsattsarin cikin kulawa, kamar wanda ya yi wa ɗan'uwansa sutura. An harhaɗa su, suna tsaye a gidan tarihin Karma.

Daga ƙarshe ma rubutun kansa ya mutu. Na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a tsibirin Fila a shekara ta 394 miladiyya, daga nan aka yi shekara 1,400 babu mai iya karanta ko harafi. Abin da ya buɗe ƙofar kuwa zoben sunan nan ne. Bafaranshe Champollion ya fara da sunayen Batlamus da Kiliyofatra, ya fitar da wasu haruffa. A Satumbar 1822 aka kawo masa kwafin wani zobe daga Abu Simbel: da'irar rana a farko, wadda ya san ana ce mata "ra" a harshen Kibɗawa, wata alama a tsakiya, sai harafin "s" sau biyu. Ya haɗa: Ramsis. Zobe na gaba ya ba shi Tutmos. Da aka iya karatu ne aka lura a Deir al-Bahari ana ga sarki mai gemu amma kalmomin da ke kwatanta shi na mace ne.

Gawarwakin ma suna ne ya cece su. Da tsaro ya lalace a ƙarshen Sabuwar Daula, limamai suka kwashe gawar Seti da Ramsis da Tutmos da wasu daga kaburburansu, suka sake naɗe su, suka rubuta sunan kowa da tawada a jikin likkafani ko akwati, suka ɓoye su a wani rami cikin duwatsun Deir al-Bahari, inda hukuma ta kwaso su a 1881. Daren 3 ga Afrilu 2021 aka fito da gawarwaki 22 daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabon masauki a Fustat, sarakuna 18 da mata 4, kowa a motarsa da sunansa a rubuce a jiki, ana harba bindiga ta girmamawa. Seti na cikin ayarin, Ramsis na biye da shi. Can gabansu, bisa tsarin wanda ya riga wani mulki, motar Tutmos na Biyu ce da ta Tutmos na Uku, da kuma ta gawar da hukumomin Masar suka ayyana tun 2007 cewa ta Hatshefsut ce.